Bikin Waƙoƙin Matasan Ikilisiya: Yadda Za Ka Shirya, Ka Zauna, Ka Saurara

Daga watan Oktoba, da ruwa ya ɗauke aka shiga girbi, har zuwa Kirsimeti, lokacin tarukan waƙa ne a majami'un Filato, kudancin Kaduna, Adamawa da ƙasar Tangale. Bayan Ista ma akan yi, haka nan a dogon hutun makaranta. Wani wuri a kira shi ranar kwaya, wato ƙungiyar mawaƙan ikilisiya, wani wuri bikin waƙoƙi, wani wuri kuma gasa ce sosai da alƙalai da kofi. Tsarin dai kusan ɗaya ne. Ƙungiyoyin mawaƙa na matasa daga ikilisiyoyi da dama su hallara wuri guda, kowace ta hau ta yi waƙa biyu ko uku, ta sauka.

Akasarin waɗanda ke cika kujeru sun zo ne saboda mutum ɗaya, ɗansu ko ƙanwarsu ko yarinyar maƙwabta. Sai su yi zaman awa huɗu suna hamma suna danna waya, suna jiran minti bakwai ɗin da nasu zai hau, yana saukowa kuma a nemi ƙofa. A ganina asara ce, domin daɗin taron yana cikin sauran awoyin, kuma ba sai ka iya karanta do-re-mi za ka same shi ba. Ɗan shiri yake so, da wurin zama mai kyau, da sanin inda za ka kafa kunne.

Fara da sanin irin taron

Kafin komai ka tambaya a wane mataki ake yin sa, don shi zai gaya maka yawan jama'a da tsawon zama. A ɗarikar ECWA ikilisiyoyi kaɗan ne ke haɗuwa su zama LCC, wato ƙaramar majalisa, LCC da dama su zama DCC, majalisar gunduma. A ɗarikar COCIN akwai LCC, sama da ita RCC ta yanki, sannan PCC ta lardi. Ɗarikar EYN ma tana da LCC da DCC. Taron LCC na gida ne, kusan kowa ya san kowa, ana iya gamawa kafin la'asar ta yi sanyi. Na DCC ko RCC kuwa motoci ne ke zuwa daga ƙauyuka, ƙungiyoyi na iya haura ashirin, wani lokaci a kwana. Akwai kuma na haɗaka tsakanin ɗariku daban-daban, wanda matasan CAN, ƙungiyar Kiristocin Najeriya, ko ikilisiyoyin TEKAN, wata tarayyar ɗariku, kan shirya, shi ne ma ya fi ba da bambancin salo.

Wanda za ka nema shi ne sakataren zumuntar matasa, ba Baba Fasto ba. Fasto ya san ranar, amma sakatare ne ke riƙe da takardar tsarin taro. Ka tambaye shi abu huɗu: gasa ce ko yabo ne kawai, a cikin majami'a ne ko a fili ƙarƙashin rumfa, ƙungiya nawa suka yi rajista, sannan akwai waƙar da aka ɗora wa kowa ko kowa zaɓinsa zai kawo. Tambaya ta ƙarshen nan ta fi sauran muhimmanci. In akwai waƙar dole, ka roƙi ya turo maka kalmominta ta WhatsApp, ka karanta su sau biyu a gida. Za ka ji ta sau goma sha biyar a rana ɗaya. Wanda bai san ta ba zai ƙosa tun a ta huɗu, wanda ya san ta kuwa nan ne zai ga bambancin ƙungiya da ƙungiya ƙarara, tunda ma'aunin ɗaya ne.

Abin da za ka ɗauka

Kada ka cika jaka. A yawancin manyan taruka yanzu akan duba mutane a bakin ƙofa, sau da yawa 'yan Birged, matasan ikilisiya masu fareti, ne ke aikin, wasu wuraren ma ba a barin babbar jaka ta shiga. Ruwan sha, hankici, ɗan abin taɓawa na yara, biro da 'yar takarda, canjin kuɗi ƙanana, sun isa. In taron a Jos ne ko Fankshin ko Bokkos a watan Disamba, ka tafi da rigar sanyi ko da rana ta buɗe lokacin fitarka. Jos ta haura mita 1,200 sama da teku, rana na faɗuwa sanyin hunturu yake sauka ba sallama. A Numan ko Yola kuwa mafici za ka nema, ka kuma ninka ruwan.

Sutura irin ta zuwa sujada ce. Mata su tafi da ɗankwali, a ikilisiyoyi da yawa ana so a rufe kai. Ka ci abinci a gida. Ana sayar da masa da ƙosai da awara da kunu a waje, amma fita neman su yakan sa ka rasa kujerarka, ka rasa ƙungiya biyu.

Mai tafiya da ƙananan yara ya rubuta lambar wayarsa a takarda ya sa musu a aljihu, ya kuma nuna musu wuri ɗaya da za su tsaya in an rabu, misali gindin bishiyar da ke kusa da ƙofa ko wajen ƙararrawa. Lokacin tashi ne yara ke ɓata, ba lokacin waƙa ba.

Lokacin zuwa da wurin zama

Kowa ya san in an rubuta ƙarfe goma, sha ɗaya da rabi ake addu'ar buɗewa. Duk da haka ka je a kan lokacin da aka rubuta. Dalili na farko kujera ce. Na biyu, awar nan ta jira tana da nata daɗin. Ka zaga bayan majami'a ko wajen azuzuwan makarantar Lahadi, za ka tarar da ƙungiyoyi a tsaitsaye ƙarƙashin mangwaro suna gwaji na ƙarshe. A nan za ka ga kwayamasta, mai koyar da su da jagorantar waƙa, ya tsayar da waƙa a tsakiya, ya nuna masu alto, ɗaya daga cikin sassan murya, da yatsa ya ce su kaɗai su maimaita layin, sau uku, sau huɗu, har sai ya gyaɗa kai. Ba inda za ka ji murya ɗaya ita kaɗai, a ware, kamar nan, kuma abin da kunnenka ya kama a nan shi zai taimake ka a ciki. Ka tsaya daga gefe, ka gaishe su da "sannunku da aiki", kada ka sa baki.

Wurin zama shi ne rabin jin daɗin. Mutane na rububin layin gaba don su ga fuska, amma a gaba murya ɗaya ko biyu ne ke dukan kunnenka, na waɗanda ke daidai da kai, sauran su bi ta saman kanka. Muryoyi na buƙatar 'yar tazara kafin su gauraya. Ka nemi tsakiya, tsakanin hagu da dama, wajen kashi ɗaya cikin uku na tsawon ɗakin daga gaba. Hanya mafi sauƙi ita ce ka duba inda aka ajiye teburin alƙalai, ka zauna layi biyu ko uku a bayansu. Ba banza aka sa su a wurin ba.

Ka guji wurare uku. Kusa da lasifika, domin abin da za ka ji shi ne wanda makirufo ya fi kusa da shi, ba ƙungiyar ba. Gefen da janareta yake, ka leƙa ta taga ka gani tun kafin ka zauna. Sai bakin ƙofar baya, inda shige da fice da gaishe-gaishe ba sa ƙarewa. In ka ga sai ka ɗaga murya sosai kafin na kusa da kai ya ji ka, ƙarar ta yi yawa, musamman ga jariri a goye, ku canza wuri. In a fili ne, sauti ba shi da bangon da zai dawo da shi, saboda haka ka matsa gaba fiye da yadda za ka yi a ɗaki, ka kuma lura iska ta riƙa kawo maka muryar, ba ta tafi da ita ba. Mai ƙaramin yaro ya zauna bakin layi, don in ya fara rigima a fita da shi ba tare da an tashi mutum goma ba.

Yadda ake sauraro

Nan ne ainihin aikin. Kwayar ikilisiya a wannan yanki ta ginu ne a kan murya huɗu: tirebul, wadda ke ɗauke da karin da kowa ya sani, sai alto a ƙarƙashinta, sai tano, sai bes a can ƙasa. Da do-re-mi ake koyar da su, tsarin da John Curwen ya yaɗa a Ingila a ƙarni na 19, 'yan mishan suka zo da shi. Shi ya sa in ka leƙa littafin rubutu na ɗan kwaya ba za ka ga layuka biyar da ɗigo-ɗigon Turawa ba, sai haruffa, d r m f s l t, jere da alamomin tsayawa, layi huɗu a kan juna, kalmomin waƙar a ƙasa.

Ka fara sauraro tun kafin su buɗe baki. Dubi yadda suka hau: suna jerawa ba turereniya, kowa ya san gurbinsa? Sai kwayamasta ya karɓi sauti daga mai kibod, ko ya ɗauko shi daga kansa, ya bi sashe-sashe yana ba kowa nasa a hankali, su amsa da ɗan sauti ta hanci. Ka lura da daƙiƙar da ya ɗaga hannu. Ƙungiyar da ta sha gwaji tare take jan numfashi, za ka ga kafaɗu sun motsa lokaci ɗaya, kalmar farko ta fito dunƙule. Wadda ba ta shirya ba, mutum biyu masu ƙarfin hali ne za su fara, sauran su biyo baya a gaɓa ta biyu ko ta uku. Daga layin farko kaɗai za ka iya sanin rabin labarin.

Daga nan sai ka raba kunnenka bisa baitoci. A baiti na farko ka bi tirebul da kalmomi, ka fahimci me ake faɗa. A na biyu ka bar su, ka sauka ƙasa ka nemi bes. Shi ya fi sauƙin samu bayan tirebul, yakan yi tsalle-tsalle masu faɗi, kuma a kansa sauran ke tsaye. A na uku ka nemi alto, wanda ya fi kowa wuyar kamawa, domin sau da yawa yana zagaye ne a sauti biyu ko uku kawai. Dabarar ita ce ka zuba ido a kan bakin yarinya ɗaya a sashen alto, ka bi motsin leɓenta, ba da daɗewa ba kunnenka zai tsinto muryar sashen nata daga cikin taron. Tano ka bar shi sai ka saba. In baiti na ƙarshe ya zo ka saki komai, ka ji su a haɗe. Ka yi haka da ƙungiya uku a jere, ta huɗu ba sai ka yi ƙoƙari ba.

Tunda matasa ne, akwai abin da ya kamata ka yi musu uzuri a kai. Yaro ɗan shekara goma sha uku ko sha huɗu muryarsa na cikin fashewa, yau tana sama gobe ta zame, ba laifinsa ba ne in ta kuɓuce masa a tsakiyar layi. Bes na gaske, mai kauri, da wuya ka same shi a wanda bai kai ashirin ba. Maza kuma kullum sun fi ƙaranci, shi ya sa za ka ga 'yan mata ashirin da biyar a gaba, samari shida a baya suna ta fama, wani lokaci ma an ɗauko 'yan mata masu kaurin murya an ba su tano. Kwayamasta mai hankali yakan sa 'yan matan su rage ƙarfi don a ji na bayan. In ka ji ƙungiya mai maza kaɗan amma duk murya huɗun na fitowa, ka san an yi aiki, ko da ba su cika ɗakin da ƙara ba.

Ƙara dai ita ce ke ruɗin jama'a. Ƙungiya mai mutum sittin da ganguna da kibod ta hau, ɗaki ya ɗauka, kowa ya ce ai waɗannan sun cinye. Amma ihu kowa ya iya. Gwanintar tana wurin da aka sassauta murya: su yi ƙasa-ƙasa, kalmomi ba su ɓace ba, sautin bai zube ba, saurin waƙar bai ragu ba. Sai kuma ƙarshen layi. Yara kan ƙare da numfashi kafin layi ya ƙare, su haɗiye gaɓar ƙarshe. Ka ji ko suna riƙe ta har hannun kwayamasta ya rufe, su yanke tare.

Akwai wani gwaji da za ka iya yi kai kaɗai in waƙar ba ta da kayan kiɗa. Ka riƙe sautin da suka fara da shi a maƙogwaronka, can ciki yadda ba wanda zai ji. In sun zo farkon baiti na ƙarshe ka gwada shi da nasu. Sau da yawa za ka tarar sun zame ƙasa kaɗan ba su sani ba, gajiya ce da ƙarancin numfashi ke jawo haka. Ƙungiyar da ta ƙare a inda ta fara, ka sa mata alama a takardarka.

Takardar nan kuwa ka yi amfani da ita. Sunan ikilisiya, da kalma biyu ko uku: "bes mai kyau", "sun yi gudu a amshi", "yarinyar da ta ba da waƙa". Bayan ƙungiya goma sha biyu duk za su cakuɗe maka in ba ka rubuta ba.

Waƙoƙin gida

Waƙar dole yawanci da Hausa take ko da Turanci, kuma akwai dalili. 'Yan mishan na ƙungiyar SIM, da suka fara ƙoƙarin shigowa a 1893, da na ƙungiyar SUM da suka iso Wase a 1904, sun tarar da harsuna barkatai a wannan yanki, sai suka riƙi Hausa ta zama harshen wa'azi da makaranta. An buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Shi ya sa yau ɗan Berom da 'yar Bajju da ɗan Bura za su tsaya layi ɗaya su yi waƙa ɗaya ba mai fassara wa wani.

To amma yawancin tsofaffin waƙoƙin sujada fassaro su aka yi aka ɗora a kan karin Turawa, kuma Hausa harshe ne mai hawa da saukar murya, mai dogon wasali da gajere. Sai ka ji karin ya ja gaɓar da a magana gajeriya ce, ko ya hau inda harshen ke sauka. An saba, har ba a ji. Za ka gane bambancin ne lokacin da aka zo waƙar zaɓi, wadda wani ɗan ikilisiyar ya tsara da kansa, da Hausa ko da Tarok, Ngas, Mwaghavul, Jju, Tyap, Margi ko Tangale. Nan kari ke bin magana. Mutum ɗaya ya bayar, sauran su amsa, jiki ya saki, fuskokin da ɗazu suke a ɗaure kamar masu rubuta jarrabawa su washe.

A nan ka mai da hankali kan kayan kiɗa. Ganga, kacau-kacau, kuge, sai tulun nan da aka fi sanin matan zumunta, wato ƙungiyar matan ikilisiya, da shi, wanda ake dukan bakinsa da faffaɗan soso ya ba da wata murya mai zurfi da kake ji a ƙirji. Matasa da yawa sun aro shi daga iyayensu mata. A ƙasar Berom kana iya dacewa da kundung, mai jerin katako da ƙahonin shanu a ƙasa. Ka gwada bin mai kuge shi kaɗai, domin shi ke riƙe da lokaci, bugunsa ba ya canzawa ko me sauran ke yi. In ka kama shi, sai ka ji yadda tafi ke tafiya biyu-biyu ganga na tafiya uku-uku, suna rabuwa suna haɗuwa.

In ba ka jin yaren, ka tambayi na kusa da kai bayan an sauka, ba ana cikin yi ba. "Mama, don Allah me suka ce a amshin nan?" Ba dattijuwar da za ka yi wa wannan tambaya ba ta ji daɗi ba, sai dai ma ka nemi hanyar tsayar da bayanin.

Shawarata a nan ɗaya ce, kuma na nace a kanta: kada ka fita shan iska lokacin da aka kira ƙaramar ikilisiyar ƙauye. Su goma sha biyu ne, ankon nasu ya koɗe, ba kibod. Jama'a kan ɗauki lokacin a matsayin hutu. Amma waɗanda ba su da lantarki ba su saba jingina da na'ura ba, da kunne suke koyo, suna jin juna. Sau da yawa a wurinsu ake samun waƙar da ba a taɓa ji ba a gari.

Tafi, waya da kuɗi

Ka bari sautin ƙarshe ya mutu kafin ka tafa. A waƙar gida mai rawa, guɗa da tafi a tsakiya ba laifi, ado ne ma. A waƙar murya huɗu kuwa, guɗa a tsakiyar baiti na iya sa yara su rasa sautinsu, kuma in gasa ce ka cuce su da sunan ƙauna. Ka tafa wa kowa. Abin kunya ne a ga ɓangare guda na ɗaki ya naɗe hannu don ba nasu ba ne a sama.

Game da waya, ku wakilta mutum ɗaya daga ikilisiyarku ya ɗauka, ya tsaya a tsakiya nesa da lasifika, ya riƙe wayar a kwance da hannu biyu, daga baya ya tura wa kowa. In ya tura ta WhatsApp a matsayin fayil, ba a matsayin bidiyo kai tsaye ba, ingancin ba zai ragu ba. Sauran ku sa wayoyi a aljihu, a kashe ƙararsu. Hannu talatin a sama suna tare wa na baya, kuma abin da ake ɗaukowa galibi ba ya sauraruwa. Kafin ka sa fuskar ɗan wani a Facebook ko TikTok, ka nemi izinin iyayensa, balle in kuskure yaron ya yi. Abin da kai ka ɗauka abin dariya, shi zai iya hana shi sake hawa.

Za a yi baiko, wataƙila fiye da sau ɗaya, kuma akan saka ƙaddamarwa a tsakiya don sayen kayan kiɗa ko ɗinka riguna. Ka ware abin da za ka bayar tun daga gida, da tsabar kuɗi, don layin waya kan cushe a inda jama'a suka taru, tiransifa ta ƙi tafiya. In an miƙo maka makirufo, kada kunyar idon jama'a ta sa ka yi alkawarin abin da ba za ka cika ba, matasan nan a kan alkawarin za su yi lissafi. Liƙi kuma a bar shi. Ban da cewa yana raba hankalin mai waƙa, sashe na 21 na dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ya haramta watsa takardun naira da tattaka su a wurin biki, hukuncin ɗaurin da bai gaza wata shida ba ne, ko tarar da ba ta gaza naira 50,000 ba, ko duka biyun. Ka sa a ambulan ka ba ma'ajin ƙungiyar bayan sun sauka.

In ka gayyato maƙwabci ko abokin aiki Musulmi, abin da ke faruwa a garuruwan da ake zaman tare, ka gaya masa tun farko akwai addu'a da wa'azi a ciki, ka zaunar da shi inda zai iya fita salla cikin sauƙi, ka kuma sanar da shi baiko ba dole ba ne.

In naka na cikin masu waƙa

Aikinka yana farawa tun daren jajibirin taron. Yaron ya kwanta da wuri, rigarsa a wanke a goge, takalmi a shirye. Da hunturu ƙura ce babbar abokiyar gaba, ya rufe hanci da baki a hanya, ya riƙa kurɓar ruwa mai ɗumi, ya bar ihu a mota, don yara kan ƙarar da muryarsu a waƙar hanya kafin a iso. Ya ci abinci mara nauyi awa biyu kafin su hau, kada ya hau da yunwa. Tsayuwa a rana cikin doguwar riga da cikin wofi ita ke kawo jiri.

In sun hau kada ka kira sunansa, kada ka ɗaga masa hannu. Idonsa na kwayamasta ne. In sun sauka kuma ka faɗa masa abu takamaimai da ka ji, "na ji ku masu tano a baiti na biyu, kun shigo daidai", ya fi masa "kun yi ƙoƙari" sau goma, don ya san da gaske ka saurara. Gyara ka bar wa mai koyar da su, ko ka bari sai an kwana biyu.

Sakamako da tashi

Alƙalai yawanci suna duba fitar kalmomi, daidaiton muryoyi, riƙe sauti da lokaci, saƙon waƙa, jagorancin kwayamasta, shiga da fita, da sutura. Akan kuma rage maki in an wuce mintunan da aka ƙayyade, abin da jama'a ba sa lura da shi, sai a ga ƙungiyar da ta fi tayar da ɗaki ta zo ta huɗu, a fara gunaguni. Kafin a karanta sakamako ka duba takardarka ka jera naka ukun farko. In kun dace da alƙalai a biyu, kunnenka ya fara nuna. In kun saɓa, ka saurari bayanin babban alƙali da kyau, yawanci yakan yi shi kafin ya faɗi maki, kuma shi ne darasi mafi amfani a duk ranar, ko da yake a lokacin ne hayaniya ta fi yawa.

In naku ba su ci ba, kada a ji daga bakinka cewa an yi son kai, musamman a gaban yara. Abin da babba ya faɗa a mota shi za su riƙe, su daina ganin abin da ya kamata su gyara. In da ƙorafi na gaske, kwayamasta ne zai nemi takardar makin ƙungiyarsa ta hannun kwamiti.

Ka tsaya har waƙar haɗaka, in an shirya ta, lokacin da duk ƙungiyoyin ke hawa tare ko su tsaya a inda suke su ɗauki waƙa ɗaya. Murya ɗari uku ko huɗu a ɗaki guda ba abin da waya ke iya ɗaukowa ba ne, kuma a nan an yarda kai ma ka sa baki. Sai dai ka yi lissafin hanya tun da rana. In gidanka da nisa, ko hanyar ba ta bin dare ba ce, ka shirya da mai keke ko direba tun kafin a fara, ka gaya masa lokacin da zai dawo, don da an ce amin kowa zai fito neman abin hawa lokaci ɗaya.

Kafin ka wuce, ka nemi kwayamastan ƙungiyar da ta fi burge ka, ko da ba ta ci komai ba, ka ce masa "Malam, sannu da ƙoƙari, Allah ya ƙara basira", ka faɗa masa waƙar da ta kama ka. Yawancinsu ba a biyan su ko sisi, bayan sun taso daga aiki ko gona suke koyarwar. In kana so ikilisiyarku ta koyi waƙar, ka nemi izininsa ka ɗauki hoton shafin do-re-mi ɗin, ka rubuta sunan wanda ya tsara ta a sama don kada ya ɓace a hanya. Sannan ka koma wurin sakatare ka tambayi rana da garin da za a yi zagaye na gaba, da ko motar 'yan kwaya za ta sami gurbin mutum ɗaya.